Tambaya da Amsa: Shafina na cewa "an karɓa" alhali babu abin da ya shiga saba

Tambaya: Salam malam. Ni ɗalibi ne ina koyon haɗa shafin intanet, na yi wa yayana shafin odar atamfa da shadda, da fetch (umarnin JavaScript na aika buƙata) nake tura oda zuwa API ɗin (hanyar karɓar buƙatu) da ke saba, wato kwamfutar da ke karɓar odar, amma na rubuta shi wuri kusan goma sha biyar, kuma abin da ya fi damuna wani lokacin kwastoma sai ya ga "an karɓi odarka" alhali ba abin da ya shiga. Don Allah ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai matsalar farkon ce ta haifi ta biyun. Shi fetch da ya shigo Chrome da Firefox a 2015 ya sauƙaƙa mana wahalar tsohon XMLHttpRequest sosai, amma yana da wani hali da ke kayar da masu koyo, ko saba ta dawo da lambar kuskure irin 404 ko 500 shi bai ɗauke shi kuskure ba, tunda dai amsa ta zo to a wajensa aiki ya kammala. Sai netwok ya yanke ko burawza ta hana sannan zai faɗa catch, wato inda ake kama kuskure. Kenan dole kai ka duba response.ok da hannunka, kuma ba ya zama true sai lambar na tsakanin 200 da 299. To wuri goma sha biyar fa, dole ka manta a wani.

Shawarata ka yi ƙofa ɗaya. Fanshin (function) guda, sa masa suna aika ko duk abin da ka ga dama, shi zai riƙe adireshin API, ya sa Content-Type na application/json, ya yi JSON.stringify don mayar da odar rubutun da za a aika, ya duba response.ok in ba daidai ba ya jefo kuskure. Sauran shafin kuwa await aika("/oda", kaya) kawai shikenan. Gobe in adireshi ya canza layi ɗaya za ka taɓa.

Sannan ka san halin netwok ɗinmu, sa AbortController ya yanke jira bayan daƙiƙa 15 misali, kuma ka kashe maɓallin tura da zarar an danna shi, yayanka ba zai ji daɗi ba in odar shadda ɗaya ta shigo sau uku don kwastoma ya gaji ya yi ta dannawa.

In kuma ka ga jan rubutun CORS a konsol (wato burawza ta hana shafinka karanta amsar sabar da ke wani adireshi daban) kar ka ɓata dare kana taɓa kod ɗin burawza, gyaran a saba yake, Access-Control-Allow-Origin za ka sa da adireshin shafinka.