Cancanta da dacewa ba abu ɗaya ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "ya cancanta" da "ya dace" duk ɗaya ne, sannan wanne ne daidai tsakanin "ya cancanta yabo" da "ya cancanci yabo".

Bari in fara da ta biyun don ta fi sauƙi. "Ya cancanci yabo" ake cewa. Kalmar tana sauya wasalin ƙarshe kamar yadda "saya" take yi: ya saya, ya sayi riga, ya saye ta. To haka nan, ya cancanta, ya cancanci yabo, ya cancance shi. Kunnen da ba zai yarda da "ya saya riga" ba, bai kamata ya yarda da "ya cancanta yabo" ba.

Ta farkon kuwa, ni a aikin koyarwa na gane bakin zarenta. Wata shekara muna zaune a ofis za mu fitar da wanda za a ba kyautar ƙarshen zango. Akwai yarinyar da ta yi ta ɗaya, littafinta tsaf, ba ta taɓa fashi ba. Akwai kuma wani yaro maraya da ya taso daga can ƙasan aji ya zo na biyar. Wani malami ya ce, "Ya dace a ba yaron nan, a ƙarfafa masa gwiwa." Shugabanmu ya cire tabarau ya ajiye a kan rajista, ya ce, "Ya dace kam, amma ita ce ta cancanta." Kowa ya yi shiru, don duka maganganun biyu gaskiya ne.

Dacewa tana duban yanayi, abin da zai yi kyau a yi. Shi ya sa riga take dacewa da mutum, amma ba ka taɓa jin an ce ta cancance shi ba. Cancanta kuwa awo ce: a ɗora aikinka ko halinka a sikeli, a ga ya kai. Kuma ba ta alheri kaɗai ba ce, ɓarawo ma yana cancantar hukunci.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne haɗa ta da haƙƙi. Haƙƙi, daga Larabci, abinka ne, in an hana ka kana iya kai ƙara. Lebura ya gama aiki, ladansa haƙƙinsa ne. Amma ka cancanci ƙarin girma a ba wani, sai dai ka ji ciwo a rai. Malamai sun fi kusanto da su biyun in suna maganar zakka, inda sukan ce waɗanda suka cancanci a ba su kashi takwas ne, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. A nan ba ƙwazo ne ma'auni ba, shiga cikin rukunin ne.

Af, kyautar nan yarinyar aka ba. Yaron kuma malamin da ya yi masa magana ya saya masa jakar makaranta daga aljihunsa.