Zanzibar: Wane Gefe Za a Sauka, Wane Jirgi Za a Shiga?

Tambaya: Za a ɗaura mini aure ƙarshen watan Maris, ina son in kai amarya Zanzibar mu yi mako guda a Afrilu. Na ga wani otal a Paje, kuɗinsa bai kai rabin na Nungwi ba. In kama ɗaki tun yanzu? Daga wani ango a Zariya.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango. Amma dakata da biyan kuɗin nan, araha ba ta ado. Daga Maris zuwa Mayu ne babbar daminar wannan tsibiri na ƙasar Tanzaniya, wadda mutanen can ke kira masika, kuma Afrilu ne tsakiyarta. Ruwa ake tafkawa, teku ta gurɓace, masu jirage su yi ta ɗage fita. Shi ya sa otal-otal ke karya farashi. In amarya za ta yi haƙuri, ku bari sai tsakanin Yuni da Oktoba, ko Janairu da Fabrairu.

Sai batun Paje ɗin kanta. Tana gabashin Unguja, babban tsibirin, kuma a wannan gefen teku kan cika ta janye sau biyu a rana ɗaya. Janyewar ba ta wasa ba ce. Za ka fito da safe ka ga ruwa na dukan katangar otal, ka koma ka karya kumallo, ka dawo ka tarar ya yi nisan da sai ka sa hannu a goshi kafin ka hango shi. A filin da ya bari, matan ƙauyen ne za ka gani zaune cikin ruwa iya gwiwa suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku, sana'arsu ke nan. Abin kallo ne, amma wanda ya zo don wanka sai ya jira. A Nungwi da Kendwa, can ƙuryar arewa, ruwan ba ya gudu haka, kusan kowane lokaci ana shiga. Tsadar Nungwi da ka gani kuɗin wannan ne. Sai dai arewar akwai cunkoso, kuma Kendwa ta yi suna da casun dare in wata ya cika, don haka ka tambayi nisan ɗakinku da wurin kiɗa.

Ni da zan tsara maka, kwana biyu a tsohon birni, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, sauran kwanakin a arewa. Abinci da masallaci ba za su ba ku wuya ba, mafi yawan mutanen musulmi ne. Kuma kar ka biya kuɗin da ba a mayarwa sai biza ta fito: mai fasfon Najeriya ba a buga masa ita a filin jirgi, ta intanet ake nema, kuma tana cin makonni. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Akwai kuma inshorar dole ta dala 44 ga kowane baƙo, wadda aka fara karɓa a Oktoban 2024.

Tambaya: Ni ban iya ruwa ba ko kaɗan, kuma ba na cire hijabi. Ƙawayena sun ce za mu je Mnemba kallon kifaye. In biya nawa kason ko in zauna a otal? Daga wata malamar makaranta a Kaduna.

Amsa: Ƙanwata, ki biya, amma kar Mnemba ta zama shigarki ta farko. Mu da muka taso nesa da teku, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Shi kansa tsibirin Mnemba an ba wani otal na masu hannu da shuni, ba a barin kowa ya taka ƙasarsa. Jirgi ne zai tsaya a tsakiyar ruwa kusa da duwatsun murjani, a ce kowa ya dira. Ƙafarki ba za ta taɓa ƙasa ba, kuma wani lokaci ruwan yana ja.

Ga yadda za ki yi. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiyar, ki shiga gaban otal inda ruwa ya tsaya miki a ƙugu. Ki sa gilashin, wanda ke rufe ido da hanci, ki ciji robar bututun numfashi, ki sunkuya ki tsoma fuska. Numfashin farko zai ba ki tsoro, domin hanci ya toshe, kuma za ki ji sautin numfashinki cikin kunnenki kamar na mai minshari. Ki ƙirga goma ki ɗago. Ki maimaita har jikinki ya yarda cewa iska na zuwa ta baki. In gilashin ya yi hazo, ki tofa ɗan yawu a ciki ki goga ki ɗauraye. Na san ba daɗin ji, amma masu jirgin ma haka suke yi. Ranar Mnemba kuma ki sa rigar da ke hana nutsewa, ki ɗaure madaurinta tam, domin in ta yi sako-sako sai ta haye har kunne. Ki gaya wa mai jagora a fili cewa ba ki iya ruwa ba, ya ba ki zoben roba mai igiya ki riƙe yana jan ki. Babu abin kunya a nan.

Batun sutura, dogon hijabi da zane ba na teku ba ne. Suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, wani lokaci su rufe bakin bututun. Ki sayi kayan wankan mata musulmi, riga mai dogon hannu har gwiwa da wando da hula mai rufe wuya, tun daga gida ko ta intanet. Mayafinki ya jira ki a jirgi. Ku kuma fita da sassafe, kafin iska ta tashi, kafin jirage su yi wa wurin yawa.

Tambaya: Gilashi da bututun, saye ya fi ko haya?

Amsa: Sayi bututu da gilashi, tunda na haya ya shiga bakin mutanen da ba ka san adadinsu ba. Wajen gwaji, ɗora gilashin a fuska ba tare da ka sa igiyarsa ba, ka ja iska ta hanci. In ya manne, naka ne. Mai gashin baki ya rage shi, ta nan ruwa ke shiga. Takalman iyo masu faɗin nan kuwa cika jaka kawai za su yi, karɓi na jirgi. Abin da mutane ke mantawa shi ne takalmin roba mai rufe ƙafa, saboda wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya da ke laɓe tsakanin duwatsu.

Tambaya: Samarin da ke bin mutum a bakin teku suna tallar yawon jirgi sun fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. A yarda da su?

Amsa: Mutanen can papasi suke ce musu, wato kaska, ka ji dai sunan. Akwai na kirki a cikinsu, kuma sau da yawa jirgi ɗaya ake zuba kowa. Ni dai an taɓa yi mini: na ba wani kuɗi cif da daddare, gari ya waye aka cusa mu mu goma sha huɗu a ƙaramin kwale-kwale, rigunan kariya guda biyar, a tsakiyar ruwa kuma aka ce kuɗin shiga yankin da aka killace daban ne. Tun daga ranar nake tambaya kafin in ciro ko sisi: mutum nawa ne a jirgin, kowa na da riga, kuɗin shiga da abinci suna ciki? Ka ba da ɗan kafin alƙalami, ragowar sai an dawo.

In da yara ko tsofaffi a tafiyar, ku zaɓi tsibirin Changuu, tafiyar kamar rabin awa daga Stone Town. An gina kurkuku a can a 1893 amma ba a taɓa ɗaure fursuna a ciki ba, wurin killace masu cuta ya zama. Manyan kunkuran da ke wurin, asalinsu guda huɗu ne da aka kawo kyauta daga Seychelles a 1919. Yawanci akan haɗa tafiyar da Nakupenda, tudun farin yashi da teku ke haɗiyewa in ta cika, don haka ka tambayi mai jirgi ƙarfe nawa ruwa zai dawo a ranar.