Keta ko Takoradi bayan ritaya?

Alhaji, ka tambaya tsakanin Keta da Takoradi, garuruwan bakin teku a Ghana, ina ya fi dacewa ka zauna in ka ajiye aiki. Ni dai Takoradi zan ce. Keta akwai kwanciyar hankali da kifi mai araha, amma teku ta daɗe tana cin garin, har ta rushe wani ɓangare na tsohuwar ganuwar Prinzenstein. Takoradi kuwa ga zango, wato unguwar Hausawa da sauran Musulmi, ga masallatai, ga asibitin Effia Nkwanta a Sekondi kusa. Mai shekaru ai asibiti yake fara dubawa.

Kada ka yi gini tukuna. Kama haya, ka ga ruwan watan Yuni da idonka. Iskar gishiri ma ba ta da kunya: kwanon rufina shekara uku ya yi tsatsa, har kwaɗon ƙofa.