Amsa: Wai dashen ƙwayoyin halitta na asali yana warkar da kumburin hanji?

Ƴar uwa, Allah ya ba ƙaninki lafiya. Kin ce kin karanta an warkar da ɓeraye da dashen ƙwayoyin halitta na asali (stem cells, waɗanda ke iya zama wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki), kina tambaya ko shi ma zai rabu da cutar Crohn, wato kumburin hanji mai daɗewa, ta haka. Gaskiya binciken na nan, amma ɓeran ba ciwo ne ya same shi da kansa ba, sinadarin DSS ake zuba masa a ruwan sha na kusan sati har hanjin ya kumbura yana kashin jini, sai a yi masa allurar ƙwayoyin da aka ciro daga ɓargo ko kitse, su lafar da garkuwar jiki kumburin ya sauka. A Tokyo ma a 2012 masu bincike sun dasa ƙwayoyin hanji sun kama a jikin ɓera.

To ɓera ko an ƙyale shi yakan murmure idan an daina ba shi sinadarin, mutum kuwa shekaru yake fama, ciwon ya tafi ya dawo. Alofisel, maganin da aka yi da irin waɗannan ƙwayoyi, da Turai ta amince da shi a 2018 don yoyon dubura na masu Crohn, an janye shi a 2024 bayan babban gwaji bai nuna amfani ba. Don Allah kar ya bar maganin likitansa, kar kuma ku biya masu tallan dashen nan a intanet.