Tambayi Anti: Sikwid, ƙanƙara da kuɗin cefane

Wata amarya daga Gwarimpa ta ce: "Anti, na soya wa maigida sikwid ya yi tauri, ba ya taunuwa. Bai ce komai ba, amma ya bar rabi. Duk na damu."

Kwantar da hankalinki, 'yata, abin da ya fi wannan ma ana gyarawa. Sikwid dabbar teku ce mai laushin jiki da hannaye da yawa. Kin dafa shi ne kamar ganda, shi kuwa ba ya son dahuwar tsaka-tsaki. Ko dai mai ya yi zafi sosai ki soya shi minti 1 zuwa 2 ki kwashe, ko ki bar shi cikin miya a kan ƙaramar wuta minti 40 ko fiye. Kafin nan ki zare siririn ƙashin nan mai haske da ke cikinsa, ki cire bakin mai tauri da ke tsakiyar hannayensa, ki tsane shi, ki barbaɗa fulawa da yaji. Haka Italiyawa ke soya kalamari, wato sikwid, su matsa lemon tsami, mutanen Madrid kuma su cusa shi cikin burodi. A Japan har ɗanye ake ci, amma su teku na bakin ƙofarsu. Kada ki gwada wannan a Abuja.

Wani bawan Allah daga Kubwa: "Shin halal ne?"

A mazhabar Malikiyya da muke bi, halittun teku halal ne, kuma aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi. Ƙarin bayani sai wurin malaminka, ni tukunya na sani.

Wata Hajiya daga Utako ta sayi kilo ɗaya na yankakken sikwid, da ya narke sai ta ga ya koma ɗan kaɗan.

To Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ruwa kika saya da farashin abincin teku. Ana lulluɓe kayan teku da ƙanƙara don kada su bushe, wannan daidai ne, amma wasu sai su kauraro ta, a ɗora a sikeli, ke kuma ki biya. Ki duba jikin ledar ki ga nauyinsa ba tare da ƙanƙara ba. In ba a rubuta ba, ajiye. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne wutar lantarki. Kaya ya taso daga Legas, an ɗauke wuta ya narke, an kawo ya sake daskarewa, kuma babu mai gaya miki. Alamarsa ita ce yankan su manne su zama dunƙule ɗaya, ko ki ga garin ƙanƙara ya taru a gindin leda. In ya narke kika ji wari mai hawa hanci, zubar, kada ki ce curry zai rufe. Akwai kuma zobban da aka yi da niƙaƙƙen sikwid da sitaci, a lulluɓe da garin burodi, duk girmansu ɗaya. Ni dai in zan je kasuwar kifi ta Kado, cikakkensa nake nema, da kai da hannaye, in ga abin da nake biya. Ki tafi da kula mai ƙanƙara, ki sa shi ya zama sayayyar ƙarshe, kuma kada ki sayi na wata guda alhali injinki ba shi da fetur.

Wani saurayi daga Nyanya yana so ya ci bashi ya kai budurwarsa cin kalamari a Maitama.

Ƙanina, bashi don soyayyen sikwid? Kai ta cin gasasshen kifi. In ma kuɗin ya samu daga baya, fara tambayarta ko jatan lande na sa ta ƙaiƙayi ko kumburi, domin wasu masu wannan matsala sikwid ma yana tayar musu da ita.