Shekarata 47 kuma ina da hawan jini, wace tafiyar hawan dutse ce daidai da ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 47, ina da hawan jini amma ina shan magani, kuma gwiwata ta dama takan ɗan yi min ciwo in na daɗe a tsaye. Ina ta ganin tallan masu shirya tafiyar hawan dutse da ɗan jagora a Facebook da WhatsApp, akwai ta Jos ta kwana biyu, akwai ta Mambila ta kwana shida wai har Chappal Waddi, wani abokina kuma cewa yake mu tara kuɗi kawai mu tafi Kilimanjaro. Bara na yi Umara, na yi ɗawafi da sa'ayi da ƙafata ban sha wahala ba. Uwargida ma tana so ta bini. Dan Allah wacce ce daidai da ni, kuma ta yaya mutum zai san iya ƙarfinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya ya buɗa kasuwa. Shawarata ita ce ka fara da ta Jos a bana, Mambila ta biyo baya in jiki ya amsa, Kilimanjaro kuma ka ce wa abokinka ya ɗan dakata tukuna. Amma bari in yi maka bayanin dalili, saboda gobe in ka ga wani tallan ka iya auna shi da kanka.

Masu talla hoto suke sakawa a gaba, sai tsayin dutsen, wani lokacin su ƙara da kilomita. Toh ƙafarka ba ruwanta da tsayin dutse daga kan teku, abin da take ji shine mita nawa zaka hau a yini ɗaya, mita nawa zaka gangaro, awa nawa kana kanta, sannan kwana nawa a jere zaka yi hakan. Ka ɗauki Dala ɗinmu, a rubuce tsayinsa mita 534 ne, amma Kano kanta tana zaune a wajen mita 480 daga kan teku, kaga abin da kake hawa da ƙafarka ko mita 100 bai kai ba. Haka duwatsun Shere na Jos, ƙololuwarsu wajen mita 1,829, amma garin Jos ɗin ma yana sama da mita 1,200 tun kafin ka ɗaga ƙafa. Don haka in ka kira kamfani kar ka tsaya a "dutsen nan tsayinsa nawa", ka ce musu daga inda mota zata ajiye mu zuwa inda zamu kwana hawan mita nawa ne. Wanda ya san aikinsa nan take zai baka amsa.

Akwai wani lissafi da masu hawan dutse suke amfani da shi tun 1892, wani ɗan Sikotlan mai suna William Naismith ne ya fitar da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan ka ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Misali an ce maka yau kilomita 12 za a yi da hawan mita 900, lissafin zai baka kusan awa 4, kuma wannan na mai ƙarfi ne wanda ya saba, ba hutu ba sallah ba cin abinci, ni in zan yi wa wanda yake wuni a shago lissafi sai in ce awa 6. Kuma in kana so ka ji nauyin mita 900 a jikinka, hawa ɗaya na bene wajen mita 3 ne, wato bene hawa 300 kenan a yini guda.

Gangarowa kuma ita ce ta fi damuna game da kai saboda gwiwar nan. Kowa hawan yake tsoro don shi ne ke sa haki, amma haki da ka zauna minti biyar ya wuce. A gangare duk taku ɗaya nauyin jikinka da na jaka a kan gwiwa yake sauka, cinya ita ke riƙe burki, bayan awa biyu zaka ga ƙafar mutum tana karkarwa shi kansa bai san tana yi ba, yatsu suna dukan gaban takalmi har farcen babban yatsa ya yi baƙi, a nan ne kuma ake yawan zamewa saboda an gaji kuma hankali ya riga ya tafi gida. Washegari da asuba sai ka ga babban mutum ya yi ruku'u da ƙyar, zaman tahiya ya gagara sai ya miƙe ƙafa, kuma a ce masa yau ma akwai awa shida a gaba. Wannan safiyar ta biyu ita ce ainihin abin da ya raba tafiyar kwana biyu da ta kwana shida.

Maganar Umara, alhamdulillah alama ce mai kyau, amma sa'ayi gaba ɗayansa kilomita 3 ne da ɗan wani abu, a shimfiɗaɗɗen daɓe mai sanyi, ga zamzam a gefe. Da ka ce min ka hau Jabalun Nur har kogon Hira ka sauko gwiwa bata yi ƙorafi ba, da wannan ya fi kusa da abin da muke magana a kai.

Ga yadda zaka auna kanka ba tare da ka bar Kano ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba ka sa takalmin da zaka yi tafiyar da shi, ka goya jaka mai wajen kilo 5 (robar ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ce, sai ka lissafa), ka yi tafiyar awa biyu ba tsayawa, ko a filin sukuwa ko cikin sabuwar BUK ko duk inda ya fi maka kusa, sannan ka je Dala ko Goron Dutse ka hau ka sauko, ka sake, har sau biyar ko shida a hankali. Kana cikin hawan ka gwada magana, in kana iya kawo jimla cikakkiya to saurinka daidai ne, in kalma biyu kake yi ka ja numfashi ka rage sauri. Ranar Lahadi ka maimaita duka. In ka tashi Litinin da tsamin jiki kawai ka tafi kasuwa, ta Jos ba zata gagare ka ba in sha Allah. In gwiwa ta kumbura, ko tana tsira maka ciwo a matakala, to a fara duba gwiwar kafin a biya kuɗin kowace tafiya. In kuwa ka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko zuciya tana bugawa ba daidai ba, ka tsaya a wurin, asibiti zaka nufa.

Kuma kar ka fara da wannan gwajin in dama baka motsa jiki, ka ba kanka wata biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya aƙalla minti 150 a sati ta ce babba ya riƙa yi na motsa jiki matsakaici, minti 30 sau biyar kenan, ka fara da wannan, kana ƙara matakala kaɗan kaɗan.

Yanzu tafiye-tafiyen uku. Ta Jos kana kwana a otal, ka fita da safe ka dawo da yamma, in ka gaji a tsakiya ana iya juyowa da kai, ga manyan asibitoci a gari, ga sanyin da zai sa ka ji daɗin tafiyar. Sai dai ka sani Shere duwatsu ne manya a jibge, akwai wuraren da sai ka dafa da hannu ka ja jikinka, akwai matsatsi, saboda haka ka tambaya ko suna da hanya mai sauƙi ga sababbi.

Mambila wata duniya ce daban, kuma wallahi ina so kowane ɗan Arewa ya ganta ko sau ɗaya, tuddai kore shar, shanu, gonakin shayi, hazo yana bin ƙasa da safe. Chappal Waddi shine wuri mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, a jihar Taraba kusa da iyakar Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Tsayin nasa bai kai inda ciwon ƙarancin iska, wato rashin lafiyar da ke kama mutum a wuri mai tsayi sosai, ya saba farawa ba, wahalarsa a nisa take, daga Kano ka bi ta Jalingo da Bali da Serti kafin ka hau tudun, ka ware kwana biyu a mota in ba tafiyar dare za a yi ba kuma bana ba kowa shawarar tafiyar dare, sannan ga babur a hanya mara kyau, ga kwana a tanti ko a ƙauye, ga doguwar tafiya, asibiti kuma ya yi nisa. Ka tambaye su a cikin kwana shidan nan nawa ne na mota nawa ne na ƙafa. In kuna son Mambila da gaske ai ba dole sai ƙololuwa ba, ana iya sauka a garin Gembu da ke kan tudun Mambila a riƙa fita tafiyar awa biyu ko uku ana dawowa, wannan kam har ku biyun zaku iya da ɗan shiri.

Kilimanjaro a Tanzaniya mita 5,895 ne, kuma a can matsalar ta wuce ƙarfin ƙafa. Daga wajen mita 2,500 jiki yake fara jin ƙarancin iska, ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, abinci ya fita a rai, a ƙololuwar kuma abin da kake samu a numfashi ɗaya kusan rabin na bakin teku ne. Wannan ciwon baya duba ƙarfi, ɗan ƙwallo ma yana kama shi, maganinsa hawa a hankali, shi yasa hanyar kwana 7 ko 8 irin Lemosho ko Machame ta fi ta kwana 5 aminci duk da ta fi tsada, kuma in ya tsananta ba abin da ake yi sai sauka. Daren ƙarshe wajen sha biyun dare ake tashi a cikin sanyin da ruwa ke ƙanƙara, a hau mita sama da 1,000, a gangaro fiye da haka, mutum ya yi awa 12 ko fiye a kan ƙafa. Dokar wurin ma bata yarda ka hau ba ɗan jagora mai lasisi ba. Ban ce ba zaka taɓa iyawa ba, waɗanda suka girme ka suna hawa, amma da shiri suke zuwa.

Hawan jinin da ake shan magani kuma ya daidaita baya hana tafiya, amma ka je wa likitanka da takardar tafiyar a hannu, ka nuna masa awa nawa da tsayi nawa, ya auna ka, in ya ga dama ya sa a yi hoton zuciya. Ka tambaye shi musamman in maganinka mai sa fitsari ne, don ga zufa ga fitsari ruwan jiki yana saurin ƙarewa. Maganin ya zauna a jakar da ke bayanka, kar ya tafi a kayan 'yan dako. Sai abin da mu a nan bai kamata mu manta ba, wato sikila, ku duba jinotaif ku biyun, mai SS wurare masu tsayi sosai haɗari ne gare shi, mai AS ma an sha samun wanda saifarsa ta samu matsala a can sama, don haka kafin Kilimanjaro dole likita ya sani.

Ɗan jagora kuma, kar kalmar "mai sauƙi" ko "matsakaiciya" ta ruɗe ka, kowane kamfani da ma'auninsa, matsakaiciyar yaro ɗan shekara 25 ba taka ba ce. Ka tambaya mutum nawa ne a ayarin kuma jagora nawa, saboda in jagora ɗaya ne tal to duk wanda ya gaji ko dai a bar shi a baya shi kaɗai ko kowa ya juyo, ayari mai kyau akwai mutum a gaba akwai mutum a baya. Ka tambaya ko ɗan yankin ne, ko suna da akwatin taimakon gaggawa, in mutum ya gurɗe a can ciki yaya za a fito da shi, wa zai ɗauki kaya, kuma in Gashaka ne ko sun nemi izinin hukumar gandun dajin da rakiyar ma'aikatanta. Ni jagoran da na fi yarda da shi shine wanda tun a waya shi zai fara tambayarka shekarunka da ciwonka, kuma zai iya kallon idonka a tsakiyar dutse ya ce Alhaji nan zamu juya, ko da ka biya kuɗi ranka ya ɓaci. Wanda ya ce maka "kowa ma zai iya, turo kuɗi kawai" ka rabu da shi.

Hajiya ita ma ta yi gwajin nan da kanta, kar a auna ta da kai, kuma ku zaɓi tafiyar da ta dace da wanda ya fi rauni a cikinku, ko kai ne ko ita. Ta sa wando mai kauri a ciki da hijabin da bai kai ƙasa ba don kar ta taka shi a gangare. Ku tambaya tun yanzu game da ɗaki ko tanti naku ku kaɗai, banɗaki, abinci, da tsayawa sallah a kan lokaci. Takalmi kuma kambas mai ƙasa mai kama dutse, ya ɗan fi ƙafa kaɗan, a saya da wuri a yi sati uku ana yawo da shi da safa mai kauri, sabon takalmi ranar tafiya bororo zai jawo. Kai kuma ka nemi sanda, biyu ma sun fi, suna rage wa gwiwa nauyi sosai a gangare.

Lokaci mafi kyau ga Jos da Mambila daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, da damina dutse santsi yake kuma hanyar Mambila tana lalacewa. Ku tafi da rigar sanyi ta gaske, duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6, daren hunturu a can ya fi namu cizo. Sannan ana saura kwana biyu ku tashi ka kira wani da ka sani a garin ka ji halin tsaro da na hanya daga bakinsa, kar ka dogara da mai tallan kaɗai, in labarin bai kwanta maka ba a ɗage tafiyar.