Ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin ƙarin kansa: me suke yi a can?

Malam, ka ce likita a Garwa ya duba tsokar da aka yanko daga ƙarin nonon mahaifiyarka, ya ga ƙwayoyin garkuwar jiki a ciki, kana tambayar me ya hana su kashe kansar. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ba dukkansu ne ke yaƙi ba. Ƙwayoyin T masu kisa su ne ke gane ƙwayar kansa su hallaka ta, kuma yawansu a cikin ƙari sau da yawa alama ce mai kyau. Makrofej kuwa, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, aikinsu na asali share datti ne da warkar da rauni. Ƙarin yana janyo su, su ɗauke shi a matsayin miki, sai su riƙa fitar da sinadaran da ke tsiro da sababbin jijiyoyin jini, su sassauta naman da ke kewaye. Ta nan kansar ke samun abinci da hanyar bazuwa.

Akwai kuma wata dabara. Ƙwayar kansa takan ɗora furotin PD-L1 a jikinta, idan ya haɗu da furotin PD-1 na jikin ƙwayar T, sai ƙwayar T ɗin ta yi sanyi, ta daina kisa. Tasuku Honjo na Japan ne ya gano PD-1, ya raba kyautar Nobel ta 2018 da James Allison na Amurka. Magungunan da ke toshe wannan hanya suna nan, amma tsada gare su, kuma ba kowace kansa suke yi wa aiki ba.

Don Allah kada ku jinkirta tiyata ko allurar kansa saboda maganin "ƙara garkuwa" na kasuwa. Ka tambayi likitan wane mataki cutar take.